A-kori-kura mai lantarki: kyan gani, ƙarfin lodi da lissafin aljihu

 Daga Vom nake rubuto wannan, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, inda nake haɗa dankalin Turawa da kabeji da karas ina tura wa abokan hulɗa a Kudu.

Wani Alhaji mazaunin Agege da muka daɗe muna harka shi ne sanadin rubutun. Yana da Hilux a hannuna, ita ke shiga ƙauyuka tana kwaso kaya zuwa inda babbar mota take lodi. Kwanakin baya ya turo mini bidiyon wata mota mai kama da an yanka kwanon rufi an lanƙwasa, sai ga kiransa ya biyo baya.

"Malam, ka ga inda duniya ta kai? Ba fetur, ba gas. Wani dila ya ce zai shigo mini da irin mai lantarkin nan. In sayar da Hilux ɗin in yi ciko?"

Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙurin mako biyu."

Kuɗin da ake magana jarin mutum ne na shekaru, kuma direba da yaran mota biyu a jikin motar nan suke cin abinci. Shi ya sa na zauna na karanta, na yi lissafi, na saurari direbobi da makanikai. Tunda na san ba Alhaji kaɗai dillalai ke zawarci ba, ga abin da na tattara.

Mece ce a-kori-kura mai lantarki?

Mota ce mai buɗaɗɗen baya irin wadda muka sani tun zamanin Fijo 404 da 504, sai dai babu inji mai ƙona mai a cikinta. A ƙarƙashinta, tsakanin tayoyin gaba da na baya, an shimfiɗa ƙaton batir, shi ke ba wa injin lantarki ɗaya ko biyu, wani lokaci har uku ko huɗu, ƙarfin juya tayoyi. Ba kuloci, ba salansa, ba fulogi, ba juyen baƙin mai.

Girman batirin da kilowat-awa ake auna shi. Kada sunan ya ruɗa ka: kilowat-awa ɗaya shi ne yunit ɗaya da kake saye a mitar gidanka. In an ce batir kilowat-awa 100 ne, to yunit ɗari yake ci kafin ya cika, har da 'yar ɗoriya saboda abin da ke zubewa wajen caji. Da yunit zan riƙa lissafi a nan gaba.

Akwai kuma mai ruwa biyu, wadda ke da batir da ake cajawa, tana kuma da ƙaramin injin fetur. Dillalai kan haɗa su duka su kira su "mai lantarki". Ka tambaya tun farko wacce ake nufi.

Waɗanda ake magana a kansu

Rivian R1T ita ta fara isa hannun masu saye a Amurka, a watan Satumba na 2021. Fitilunta na gaba dogaye ne a tsaye kamar ƙwai, kuma tana da wani rami na ajiya da ya ratsa motar daga gefe zuwa gefe a bayan kujeru. Bayanta gajere ne, bai kai mita ɗaya da rabi ba.

Ford F-150 Lightning an fara ƙera ta a Afrilun 2022 a garin Dearborn. Ta fito da batir iri biyu, mai yunit 98 da mai yunit 131, kuma babban yana kaiwa kimanin kilomita 515 a gwajin hukumar Amurka, mota ba kaya. Inda inji ya kamata ya zauna a gaba an mai da shi but mai cin lita 400. A Disambar 2025 kamfanin Ford ya sanar da daina ƙera ta, ya ce wadda za ta gaje ta za ta zo da injin fetur mai caja batir a kan hanya.

GMC Hummer EV ta fito a ƙarshen 2021. Nauyinta ya haura tan huɗu, batirinta kaɗai ya kai nauyin ƙaramar mota.

Tesla Cybertruck, ita ce ta bidiyon Alhaji. Elon Musk ya nuna ta a Los Angeles ranar 21 ga Nuwamba, 2019. A wajen ne mai zanen motar, Franz von Holzhausen, ya jefi gilashinta da dunƙulen ƙarfe don ya nuna ba ya fashewa, gilashin kuwa ya tsage a gaban jama'a. Ba a fara miƙa ta ga masu saye ba sai 30 ga Nuwamba, 2023. A 2019 an ce farashinta zai fara daga dala 39,900, amma da ta fito, nau'o'i biyun da aka fara sayarwa an sa musu dala 79,990 da 99,990.

Daga China akwai Maxus T90 EV mai batir kimanin yunit 88, wadda tayoyin baya kawai ke janta, da Radar RD6 ta kamfanin Geely da ake sayarwa a waje da sunan Riddara. BYD Shark, da aka ƙaddamar a Meziko a Mayun 2024, mai ruwa biyu ce: batir kusan yunit 30 da injin fetur mai lita 1.5. Isuzu ya fara ƙera D-Max mai lantarki a Tailan a 2025, da batir kusan yunit 67 da tafiyar kimanin kilomita 260. Toyota ma ya nuna Hilux mai lantarki a Nuwamban 2025, batirinta bai kai yunit 60 ba.

Maganar kama da siffa

Na nuna hotunan nan a teburin mai shayi a K-Vom, na kuma nuna a garejin da muke gyara a Bukur. Ra'ayi ya rabu gida uku.

Matasa, musamman 'yan makaranta, Cybertruck suka zaɓa ba gardama. Hujjarsu ita ce ba ta kama da komai, kuma duk wanda ya shiga gari da ita sai an waiwayo. Wani ya ce ko ba ta motsi a ajiye masa ita a ƙofar gida.

Direbobi suka ce sam. Direbanmu ya kalli hoton ya ce, "Oga, ta ina zan ɗora buhu?" Yana da gaskiya kuwa. Rufin motar yana gangarowa ne daga tsakiya har wutsiya, don haka bangon bayanta a kusa da kujeru yana da tsawo ƙwarai. Yaron mota ba zai tsaya a gefe ya cilla buhu ko ya zaro kwando ba, dole komai ya bi ta ƙofar baya. Ga kuma inda za a kafa ƙarfen kanta, wanda da shi ake ɗaure lodi mai tudu. Su direbobi Lightning da D-Max da Hilux suka fi so, don in ba a gaya maka ba ba za ka san masu lantarki ba ne.

Kashi na uku dattawa ne da masu gyaran bodi. Wani tsohon direba da ya yi zamanin 504 ta kamfanin Fijo na Kaduna ya ce da ni, "Yaro, kyan a-kori-kura ana ganinsa ne ranar da ta faɗa rami ta fito." Mai bugun bodi kuma ya tambayi abin da aka yi jikinta da shi. Jikin Cybertruck ƙarfe ne marar tsatsa mai tauri, ba fenti. Ba ya cin tsatsa kamar na sauran motoci, wannan alheri ne ga mazaunin Legas da iskar teku ke cinye wa mota. Amma in ya lotsa ba a bugawa a shafe a fesa fenti yadda aka saba, galibi sai dai a sauya ɓangaren ɗungurungum. Jikin F-150 kuma na alminiyom ne, shi ma ba kowane mai walda ke iya masa ba.

Ko a ƙasashen da aka yi motocin haka ake ta musu. A Turai ba a ba Cybertruck takardar hawa titi ba, kuma masu kula da lafiyar hanya sun yi ta ƙorafi kan kaifin kusurwoyinta da nauyinta ga mai tafiya a ƙasa. A Janairun 2025 'yan sanda a yankin Manchester na Ingila sun kama wata saboda ba ta da izinin hawa titin can. A Amurka an kira ta gyara sau da dama: a Afrilun 2024 saboda murfin totur da ke iya zamewa ya maƙale, a Maris na 2025 kuma aka kira kimanin 46,000 saboda wani sashen ƙarfe na gefen gilashi da ke iya ɓallewa ana tafiya.

Nawa ra'ayin: son kama ba laifi ba ne, kowa da abin da ke burge shi. Amma motar kasuwa tana shiga lungu, tana gogar baro da keke napep, tana kwana a tasha. Mota mai jan ido tana jan idon kowa, har da na wanda ba ka so ya lura da kai a hanyar dare. Ga girma kuma. Hilux tana da tsawon kimanin mita 5.3, Cybertruck kusan 5.7, Lightning kusan 5.9, kuma duka biyun sun fi ta faɗi. Wanda ya san yadda ake kutsawa cikin Mile 12 da safe, ko kasuwar Farin Gada a nan Jos, ya san abin da rabin mita yake nufi.

Lodi: nawa take ɗauka?

Mutane kan ɗauka cewa tunda motar tana da ƙarfi, za ta ɗauki kaya fiye da mai gas. Ƙarfin ja kam akwai shi, tun daga tashi ma, ba sai an sa giya ɗaya ana ta ƙugi ba. Amma batir nauyi ne, kuma yana cin kason da kaya za su samu. Cybertruck da Lightning kowacce tana kusan tan uku ita kaɗai, alhali Hilux ba ta wuce tan biyu da kaɗan ba.

A takarda, Cybertruck tana ɗaukar kimanin kilo 1,130, Lightning kusan tan ɗaya (mai babban batir ƙasa da haka), Maxus da D-Max tan ɗaya, Rivian kimanin kilo 800. Wannan adadin ya haɗa da direba da duk wanda ya shiga. In buhunka kilo 100 ne, ka cire mutum uku, buhu takwas ke nan ko tara.

Mu faɗa wa juna gaskiya: a nan ba wanda ke tsayawa a buhu tara. Ana ƙara wa Hilux sifirin a lafta mata abin da ya ninka ƙa'ida, in ta karye a kai wa mai walda. Da mai lantarki wannan ɗabi'ar tana da tsada. Batirin yana can ƙasa, in lodi ya danne mota ta sunkuya, shi ne zai fara gaisawa da dutse. Hanyoyin gonakin Filato kuwa duwatsu ne da zaizayar damina. Wasu, irin su Cybertruck da Rivian, suna da shokozoba mai iska da ke ɗaga mota sama sosai, amma in jakar iskar ta fashe a cikin daji ba abin da za a ɗaure ta da shi. Nauyin kuma yana cin taya da wuri, tayoyinsu manya ne, ba kowane shago ke da su ba.

Jan tirela shi ya fi komai shan batir. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna nisan tafiya kan ragu da kusan rabi in an ɗaura wa motar babbar tirela. Gudu mai yawa da lodi mai tudu da ke tare iska su ma suna rage shi sosai.

Abin da Filato ke ba ta, da abin da take karɓa

Akwai abubuwan da suka yi wa mai lantarki daɗi a nan. Vom da Jos suna kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku. A irin wannan tsawo iska ba ta da kauri, injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa. Injin lantarki ba ruwansa da wannan. Batir kuma ya fi son yanayi mai sanyi-sanyi, zafi mai tsanani ne ke tsufar da shi da wuri, don haka zai fi daɗewa a Vom fiye da Sakkwato ko Maiduguri. Da asubar hunturu, in sanyi ya tsananta, tafiyarsa kan ɗan ragu, amma ba irin na ƙasashen ƙanƙara ba.

Sai gangara. Duk direban da ya san Hawan Kibo ya san yadda birki ke yin zafi har ya ƙi kamawa. Mai lantarki in tana gangara injinta ne ke riƙe ta, yana mai da wannan ƙarfin cikin batir, birki yana hutawa. Sharaɗin shi ne kada batirin ya kasance cike taf, don in ya cika ba inda zai zuba wutar, sai motar ta koma kan birki zalla. A dawowa kuma za ka biya: ɗaga mota mai tan uku da rabi tsawon mita 700 yana cin kimanin yunit 7, ban da na tafiyar kanta.

Aikin da ake yi a Vom ma ya dace da ita ta wata fuska. Garin nan na Birom ya yi suna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ke nan tun 1924, inda ake yin allurar rigakafin shanu da kaji. Ga kamfanin madara mai yin yogot ɗin Farm Fresh, ga cibiyar binciken dankali a Kuru. Rigakafi da madara duka sanyi suke so. Yawancin motocin nan suna da soket a jiki, Lightning tana iya ba da wuta har kilowat 9.6, wanda ya isa firji da injin ban ruwa da na walda. Sai dai a kula: na Amurka wutarsu mai bolt 120 da 240 ce a kan zagaye 60, tamu kuwa 230 ce a kan zagaye 50. Soket ɗin na China da na Turai ne suka yi daidai da kayanmu.

Inda maganar ta tsaya cak shi ne doguwar hanya. Daga Jos zuwa Legas ta Akwanga da Abuja da Lakwaja da Ibadan kusan kilomita dubu ne. Mota mai lodi da ke yin kilomita 250 zuwa 300 a caji ɗaya tana bukatar tsayawa sau uku ko huɗu. Wuraren caji na kasuwa da ake da su a ƙasar nan yawancinsu a Legas da Abuja suke. Kabeji da tumatir kuma ba sa jiran kowa.

Caji da lissafin kuɗi

Soket ɗin bango na gida yana ba da kimanin kilowat 3. Batir mai yunit 131 zai kwashe fiye da awa 40 a jikinsa. In ka sa akwatin caji mai kilowat 7, kimanin awa 20. Mai yunit 67 kuwa awa goma, wato kwana ɗaya in wuta ta tsaya. Akwatin yana son waya mai kauri da ingantaccen layin ƙasa da abin kare tsawa, don daminar Filato ba ta wasa da kayan wuta.

Filato ta daɗe da sanin lantarki: kamfanin NESCO yana samar da wuta daga ruwan Kurra tun 1929, lokacin haƙar kuza, kuma har yau yana ba wasu sassa. Sauran jama'a kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke ba su. Ko kana layin wane, abin tambaya ɗaya ne: awa nawa wuta ke tsayawa a unguwarku, kuma taransifomarku za ta ɗauki ƙarin nauyi?

Ga lissafin. Babbar a-kori-kura mai lantarki tana cin kimanin yunit 30 a kilomita 100, da asarar caji ka ce 33. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. A kan 225, kilomita 100 zai ci kusan naira 7,500. Hilux mai gas tana shan kimanin lita 10 a wannan nisan. A misali in lita naira 1,400 ce, 14,000 ke nan, rarar 6,500. Motar da ke yin kilomita 60 a rana, kwana 300 a shekara, ta yi kilomita 18,000, rararta ta shekara kimanin naira miliyan ɗaya da dubu ɗari da saba'in. Ka ƙara da kuɗin baƙin mai da filta da ba za ka kashe ba.

Yanzu ka dubi kuɗin saye. Mota ta dala 80,000, in ka yi misali da dala a naira 1,500, miliyan 120 ce tun kafin kuɗin jirgi da na kwastam. Rarar mai ba za ta taɓa mayar da wannan ba. Na China sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, a kansu ne lissafin zai iya fita.

In da janareta za ka caja, ka manta da rara. Lita ɗaya ta gas tana ba da kimanin yunit 3 a janareta, yunit 33 lita 11 ke nan, ka sha fiye da Hilux. Sola ita ce mai ma'ana. Faranti mai wat 550 yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a rana, don haka tafiyar kilomita 60 tana son faranti goma ko fiye, a watan Agusta mai hadari kuma ya ƙaru. Matsalar ita ce lokacin da rana take bugawa motar tana gona. Ko dai ka tsara aiki ta dawo da azahar ta sha rana, ko ka sayi batirin ajiya na gida, wanda shi ma wani jarin ne.

Gyara da kayan gyara

Mai lantarki ba ta da yawan abin lalacewa, amma in ta lalace ba aikin ƙarƙashin bishiya ba ne. Wutar batirinta tana kai bolt 400, ta Cybertruck ma 800, tana kisa nan take. Wayoyin da aka yi wa launin ruwan lemo ba a taɓa su sai wanda ya koya. Yawancin matsalolinta sai da kwamfutar kamfani ake gano su. Tesla ba shi da wurin gyara na kansa a Najeriya. Kamfanoni kan ba batir garantin shekara takwas, amma wannan garantin ba ya bin motar da dila ya sayo a gwanjo ya ɗoro a jirgi.

Mazauna Legas da Fatakwal su ƙara kula da ruwa. An rufe batirin yadda ruwan sama da ɗan kududdufi ba sa shiga, amma motar da ta kwana cikin ambaliya, musamman ruwan gishiri, batirinta na iya kamawa da wuta ko bayan kwanaki, kuma wutar batir tana da wuyar kashewa. Da yawa daga motocin gwanjon Amurka irin waɗanda ambaliya ko hatsari ya taɓa ne.

Inda Najeriya ta kwana

Ba a zaune ake ba. A ƙarshen 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sannan a Jami'ar Legas da ta Nsukka. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mai da ƙananan bas-bas masu lantarki. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 shi ya sa maganar ta fito daga ofis ta shigo tasha. Habasha ma ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da gas a 2024. Amma kusan duk ci gaban da aka samu a nan a kan bas da tasi da keke da babur ne, masu zagaye cikin gari suna kwana wuri guda.

Wa ta dace da shi?

Ta dace da gona ko kamfani ko asibiti mai sola ko tsayayyar wuta, wanda motarsa ke yin ƙasa da kilomita 150 a rana tana kwana gida. Ta dace da mai rarraba kaya a cikin Legas ko Ibadan, don a cunkoso ba ta cin komai sai na sanyaya ɗaki. Ba ta dace da mai mota ɗaya tilo ba, ko mai lafta lodi, ko mai doguwar hanya. Wanda ke tsakiya ya dubi mai ruwa biyu, yana sane cewa ya ɗauki inji da batir duka, kowanne da nasa ciwon.

Kafin ka biya

Ka tabbata sitiyari a hagu yake. Tun 2 ga Afrilu, 1972 muka koma bin hannun dama, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Na kasuwar Ingila da Tailan da Ostireliya a dama suke.

Ka duba bakin caji. Na Amurka daban, na Turai daban, na China daban. Ka ga cajar da idonka tana aiki.

Ka nemi a nuna maka lafiyar batir a kwamfuta, kashi nawa ya rage cikin ɗari. Ka tambayi irinsa: LFP ya fi jure zafi da cika taf kullum.

Ka binciki lambar shasi, ka ga ko motar hatsari ce ko ta ambaliya.

Ka leƙa ƙarƙashinta. Lotsawa a jikin batir dalili ne na fasa ciniki.

Ka san sunan wanda zai gyara ta da garin da yake, da kuɗin gilashi da fitila da taya, tun kafin ka bayar da kafin alƙalami.

Ka gwada ta da lodinka a hanyarka, ka ga abin da batir ya ci.

Da mako biyun suka cika na kira Alhaji na karanta masa lissafin. Na ce ya bar Hilux a bakin aikinta, don ƙauyukan da muke shiga ba su da inda za a caja, kuma in ta tsaya mana a tsakiyar kakar dankali asarar mako ɗaya ta fi rarar man shekara. In yana son gwadawa, ya fara da ƙarama ta China a can Legas, tsakanin Mile 12 da kwastomominsa, bayan ya sa sola a gida. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, ita mai kama da kwanon fa?" Na ce, "Alhaji, wannan a bar wa masu ɗaukar hoto." Ya yi dariya ya ce a gaida direba.

Allah ya sa albarka a nema, ya kai kowa gida lafiya.